Zumunta Da Abota A Harkokin Attajiran Amurka Na Farko

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1798 aka shigar da Robert Morris gidan kason masu bashi da ke birnin Filadelfiya a ƙasar Amurka. Shekaru 15 kafin wannan rana ana lissafa shi cikin mafiya arzikin ƙasar, kuma shi ne ya riƙe baitulmalin gwamnati daga 1781 zuwa 1784, lokacin da ake ƙarasa yaƙin neman 'yancin kai daga hannun Ingila. Abin da ya ɗaukaka shi tun yana yaron kanti shi ne amincewar uban gidansa da kuma abotar ɗan uban gidan. Abin da ya kai shi kurkuku kuwa shi ne sa hannun da ya yi ta yi a kan takardun bashin wani abokin cinikinsa, abokin shi ma yana sa hannu a kan nasa, har bashin da ake bin sa ya kusa Dala miliyan 3.

Labarin wannan bawan Allah ya tattara halin da manyan fataken teku na Amurka suka yi ciniki a cikinsa daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa farkon ƙarni na 19. A wancan zamani jarin da ya fi kowane jari daraja shi ne mutanen da attajiri ya amince da su, wato 'yan'uwa da surukai da aminai. Sai dai kuma ƙofar da riba ke bi ta shigo gida, ita ce asara ke bi idan ta tashi zuwa.

Halin da ake ciniki a cikinsa

Kafin a fahimci dalilin da ya sa zumunta ta zama ginshiƙin kasuwanci, wajibi ne a dubi yadda duniyar waɗannan attajirai take. Biranensu ƙanana ne. Ƙidayar jama'a ta farko da aka yi a 1790 ta nuna mutanen ƙasar baki ɗaya ba su cika miliyan 4 ba. Birnin New York yana da kimanin mutum 33,000, Boston kuma kimanin 18,000. A cikin gari kowa ya san kowa. Amma kasuwannin da ake samun riba suna can nesa, a Landan da Lisbon da tsibiran Karebiyan, daga baya kuma har ƙasar Sin.

Wasiƙa takan yi wata ɗaya zuwa biyu kafin ta ƙetare tekun Atilantika, amsarta kuma ta yi kamar haka. Saboda haka attajirin da ya loda wa jirgi fulawa ko katako ko busasshen kifi ba shi da ikon sanin farashin da jirgin zai tarar. Wanda ya karɓi hajar a can shi ne zai yanke shawarar sayarwa nan take ko jira, shi zai zaɓi wanda za a ba bashi, shi ne kuma zai sayi kayan da jirgin zai komo da su. Ladansa la'ada ce, galibi daga kashi 2 da rabi zuwa kashi 5 cikin 100. Idan ya yi ha'inci, kafin labari ya iso an yi watanni, kuma kai ƙara a kotun wata ƙasa ya fi asarar tsada.

Bugu da ƙari, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci ƙwarai. Dalar azurfa ta Sifen ita ce ta fi yawo a hannun jama'a, kuma babu banki irin na kasuwanci a ƙasar sai da Bankin Arewacin Amurka ya buɗe ƙofarsa a Filadelfiya a watan Janairu na 1782. Mafi yawan ciniki a rubuce ake yin sa cikin littafin bashi. Kamfanonin Ingila sukan ba da yadi da kayan ƙarfe bashi har na wata 12, attajirin Amurka ya rarraba wa masu kantuna bashi, su kuma su ba manoma bashi sai kaka.

Biyan kuɗi tsakanin ƙasashe kuwa da takardar umurnin biya ake yin sa. Alal misali, attajirin Filadelfiya ya sayar da fulawa a Jamaika, sai mai gonar rake ya ba wakilinsa takarda wadda ke umurtar dillalinsa na Landan ya biya fam kaza bayan kwana kaza. Attajirin sai ya sa hannu a bayan takardar, ya aika wa kamfanin Landan da ke bin sa kuɗin yadi. Idan dillalin ya ƙi biya, takardar takan dawo da tara a kanta, a bi duk wanda ya sa mata hannu. Ke nan darajar takarda tana ga sunayen da ke jikinta.

Haka kuma dokar tarayya a ciniki ba ta raba dukiyar kamfani da ta masu shi ba. Duk bashin da abokin tarayya ya ci da sunan kamfani, ana iya bin ɗayan har gidansa da gonarsa. Wanda ya san haka ba zai haɗa jari da baƙon fuska ba.

Gida ne makarantar ciniki

Hanyar da aka saba bi wajen samar da amintaccen mutum ita ce a rene shi tun yana ƙarami. Yaro ɗan shekara 13 ko 14 yakan shiga ofishin attajiri, sau da yawa ya zauna a gidansa, ya ci abinci tare da iyalinsa. Aikinsa na farko shi ne kwafe wasiƙu da hannu cikin babban littafi, ta haka yake sanin sunayen abokan cinikin gidan da halin kowane ɗaya. Daga nan a koya masa lissafin shige da fice, a tura shi bakin tasha ya ƙirga haja, sa'an nan a sa shi cikin jirgi a matsayin wakilin kaya. Idan ya komo da lissafi daidai, sai a ba shi kaso.

Thomas Hancock na Boston ya fara ne a matsayin yaron mai sayar da littattafai. A 1730 ya auri Lydia Henchman, 'yar wani babban mai sayar da littattafai a garin, daga nan harkarsa ta buɗe har ya zama ɗaya daga cikin mafiya arzikin yankin. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ɗan'uwansa ya rasu a 1744, sai ya ɗauko ɗan marigayin mai suna John, yaro ɗan shekara 7, ya riƙe shi. Ya sa shi a kwalejin Harvard, ya gama a 1754, ya zaunar da shi a ofis shekaru da dama, sa'an nan a 1760 ya tura shi Landan domin abokan cinikin gidan su san fuskarsa. Sai a farkon 1763 ya mai da shi cikakken abokin tarayya. Thomas ya rasu a 1764, John ya gaji kamfanin. Wannan John Hancock shi ne shugaban majalisar da ta ayyana 'yancin Amurka a 1776. Abin lura a nan shi ne, duk da kasancewarsa magaji, sai da ya yi kusan shekara 9 ana gwada shi kafin a ba shi kaso.

Robert Morris kuwa ba shi da irin wannan gata. A Libaful ta Ingila aka haife shi a 1734, ya zo Amurka yana ɗan shekara 13, mahaifinsa ya rasu a 1750 ya bar shi maraya. Ya koyi aiki a ofishin Charles Willing na Filadelfiya, inda ya shaƙu da ɗan mai gidan, Thomas Willing. Bayan rasuwar Charles a 1754, Thomas ya karɓi ragamar gidan, a 1757 kuma ya ɗauki Morris abokin tarayya. Willing mutum ne mai taka-tsantsan, Morris kuma mai ƙarfin hali wajen shiga sabuwar harka, wannan bambanci ya amfani kamfanin fiye da shekara 20.

Mata ma suna cikin wannan tsari, ko da yake ba a cika ganin sunayensu a allon kamfani ba. Lokacin da mijin Elizabeth Peck Perkins ya rasu a Boston a 1773 ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, ita ce ta ci gaba da ciniki, tana shigo da tangaran da kayan gilashi tana sayarwa. 'Ya'yanta biyu, James da Thomas, su ne suka kafa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin cinikin ƙasar Sin a 1792.

Aure da haɗuwar jari

Inda babu ɗa ko ɗan ɗan'uwa da ya dace, aure ne ke samar da shi. Thomas Poynton Ives maraya ne da ya shiga ofishin Nicholas Brown na garin Providence a matsayin akawu yana ɗan shekara 13. A 1792 ya auri Hope, 'yar uban gidan nasa, kuma a 1796 sunan kamfanin ya koma Brown da Ives. A garin Salem, Elias Hasket Derby ya auri Elizabeth Crowninshield a 1761, 'yar'uwarsa Mary kuma ta auri George Crowninshield, wato manyan gidaje biyu masu jiragen ruwa a garin suka yi musayar aure.

Wani lokaci irin wannan aure yakan ƙetare teku. William Bingham ya auri Anne, 'yar Thomas Willing, a 1780. 'Yarsu ta fari ta auri Alexander Baring a 1798, ɗan gidan Baring masu banki a Landan. Shekaru 5 bayan haka, a 1803, da Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a kan Dala miliyan 15, gidan Baring ne tare da kamfanin Hope na Amstadam suka shirya yadda za a biya kuɗin, kuma Alexander ɗin ne ya yi zirga-zirgar cinikin.

Addini shi ma ya yi aikin da dangantaka ke yi. 'Yan ɗariƙar Kirista ta Kwaka, waɗanda ke kiran kansu Jama'ar Abokai, suna da yawa cikin attajiran Filadelfiya. Majalisarsu ta wata-wata takan binciki duk wani memba da ya kasa biyan bashi, idan ta same shi da laifin ganganci ko ha'inci sai ta kore shi. Takan kuma kori wanda ya yi aure a wajen ɗariƙa. Waɗannan dokoki biyu sun sa jari yana juyawa a tsakaninsu, kuma ɗan Kwaka na Landan yana iya ba ɗan Kwaka na Filadelfiya kaya bashi ba tare da ya taɓa ganinsa ba. Haka Yahudawan da suka gudo daga Fotugal suka yi a garin Newport, inda Aaron Lopez, wanda ya iso a 1752, ya auri 'yar abokin cinikinsa Jacob Rodriguez Rivera.

Kalmar "aboki" kanta tana da ma'ana ta musamman a wasiƙun attajiran. Sukan kira duk wanda suke musayar haja da labarin kasuwa da shi aboki, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Abota a wurinsu nauyi ce: ka sanar da shi farashi da gaskiya, ka biya takardarsa idan ta zo hannunka, ka karɓi ɗansa idan ya aiko shi da wasiƙar gabatarwa, ka kuma yi masa haƙuri idan biya ya yi jinkiri.

Inda albasa ba ta yi halin ruwa ba

Matsalar dogaro da dangi ita ce, jini ba ya ba da tabbacin iya aiki, kuma korar ɗan'uwa ta fi korar bare wuya. Aaron Lopez ya tura surukinsa Abraham Pereira Mendes tsibirin Jamaika ya wakilce shi, amma saurayin ya kasa riƙe lissafi da karɓo basussuka, har sai da aka maye gurbinsa da wani kyaftin ɗin jirgi wanda ba dangi ba ne.

Abin da ya sami Robert Morris ya fi wannan muni, domin ya shafi dukiyar ƙasa. Yana da ƙane da suke uba ɗaya mai suna Thomas, wanda shi ya rene shi. A farkon yaƙin neman 'yanci ya sa aka naɗa shi wakilin kasuwanci na majalisar Amurka a tashar Nantes ta Faransa, wurin da ake sayar da tabar Amurka a sayo kayan yaƙi. Thomas mashayi ne, ya yi watsi da aiki. Wakilan Amurka da ke Faris, cikinsu har da Benjamin Franklin da Silas Deane, suka aiko da rahoto. Maimakon ya bincika, Morris ya fusata da masu rahoton, ya tsaya wa ƙanensa. Sai a ƙarshen 1777, bayan shaidu sun yi yawa, ya rubuta wa shugaban majalisa doguwar wasiƙa yana amsa kuskurensa. Thomas ya mutu a Nantes a watan Janairu na 1778, ya bar lissafi a hargitse.

A Salem ma musayar auren da aka yi ba ta hana rigima ba. Gidan Derby da gidan Crowninshield sun kai juna kotu a kan tsawon gadar da jiragensu ke tsayawa, daga baya kuma suka rabu a siyasa, kowane gida ya goyi bayan jam'iyya dabam.

'Yan'uwa huɗu na gidan Brown

Babu gidan da ya nuna ƙarfin zumunta da iyakarta kamar gidan Brown na Providence a jihar Rhode Island. Kyaftin James Brown ya rasu a 1739 ya bar 'ya'ya ƙanana, ƙanensa Obadiah ya ja su cikin harkarsa. Autansu Moses a hannun Obadiah ya tashi, kuma 'yarsa Anna ya aura, auren zumunci ke nan. Bayan rasuwar Obadiah a 1762, 'yan'uwan huɗu, Nicholas da Joseph da John da Moses, suka ci gaba da kamfani ɗaya. Suna da jiragen ruwa, da masana'antar kyandir, da maƙerar narka ƙarfe da suka kafa a 1765.

A 1764 suka tura jirginsu mai suna Sally gaɓar Afirka ta Yamma domin sayen bayi, a ƙarƙashin kyaftin Esek Hopkins. Littafin lissafin jirgin, wanda har yanzu yana ajiye, ya nuna an sayi mutum 196. Daga cikinsu aƙalla 109 sun mutu kafin a gama tafiyar a 1765, wasu saboda cuta da yunwa, wasu a wajen tawayen da suka yi a cikin jirgin, wasu kuma sun kashe kansu. Uku daga cikin 'yan'uwan ba su ƙara sa jari kai tsaye a wannan fatauci ba. John shi kaɗai ya ci gaba, kuma a 1771 ya ware harkarsa.

Da Anna ta rasu a 1773, Moses ya shiga nadama mai tsanani, ya 'yanta bayinsa a wannan shekara, ya shiga ɗariƙar Kwaka a 1774, ya zama jagoran masu yaƙi da cinikin bayi. Yana cikin waɗanda suka matsa har majalisar tarayya ta kafa dokar 1794 wadda ta hana shirya jirgi a tashoshin Amurka domin kai bayi wata ƙasa. Mutum na farko da aka gurfanar a kotun tarayya a ƙarƙashin wannan doka shi ne wansa John, a 1797, kuma ƙungiyar da Moses ya taimaka aka kafa ce ta kai ƙarar. An ƙwace jirgin John mai suna Hope, ko da yake a shari'ar da ta biyo baya masu taya alƙali yanke hukunci sun wanke shi daga biyan tara.

Duk da wannan saɓani, 'yan'uwan biyu ba su yanke hulɗa ba. Tare suka yi aikin kafa Bankin Providence a 1791, inda John ya zama shugabansa na farko. Shi kuma Moses, da ya so shiga harkar kaɗin auduga da inji, ta hannun dangi ya bi: surukinsa William Almy da ɗan'uwansa Smith Brown su ne suka haɗa gwiwa da Samuel Slater, wani ƙwararre daga Ingila, suka tayar da masana'antar zare ta Pawtucket a 1790. Audugar da injinan ke ci kuwa bayi ne ke noma ta. A 1804 aka sa wa kwalejin garin sunan gidan Brown bayan ɗan Nicholas ya ba ta kyautar Dala 5,000, kuma ita ce Jami'ar Brown ta yau.

Wannan labari ya nuna wani abu da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Amanar da attajiran ke riƙewa a tsakaninsu ba ta ƙetare da'irarsu ba. Mutumin da ba zai ci wa abokinsa na Landan sule ɗaya ba, shi ne ke rubuta mutuwar 'yan Afirka a shafin asara.

Abota a bakin kogin Kanton

Bayan samun 'yanci, attajiran Amurka suka fuskanci ƙasar Sin. Jirgi na farko, Empress of China, wanda Robert Morris na cikin masu jarinsa, ya tashi daga New York a watan Fabrairu na 1784, bai komo ba sai watan Mayu na 1785. Tafiyar wata 15 ta ƙara wa amintaccen wakili daraja. A birnin Kanton, wanda ake kira Guangzhou a yau, gwamnatin Sin ba ta yarda baƙo ya yi ciniki da kowa ba sai da wasu attajirai ƙalilan masu lasisi, kuma kowane jirgi sai ɗayansu ya tsaya masa.

'Yan gidan Perkins na Boston suka tura ɗan 'yar'uwarsu, John Perkins Cushing, a 1803 yana ɗan shekara 16. Ba a daɗe ba babban wakilin da aka haɗa shi da shi ya kwanta ciwo ya rasu, nauyin ofishin ya faɗo a kan yaron. Ya riƙe shi fiye da shekara 20. A nan ya ƙulla abota da Wu Bingjian, wanda Turawa ke kira Houqua, babban attajirin Kanton, mutumin da ake lissafa shi cikin mafiya arzikin duniya a zamaninsa. Da Cushing ya tashi komawa gida, wasu 'ya'yan 'yar'uwar Perkins ɗin, 'yan gidan Forbes, suka gaje shi, suka kuma gaji abotar. John Murray Forbes ya isa Kanton a 1830 yana ɗan shekara 17, Houqua ya sa shi kula da wasiƙunsa da hajar da yake aikawa ƙasashen waje. Da Forbes ya koma Boston, Houqua ya danƙa masa kuɗi masu yawa ya juya masa, kuma wani ɓangare na dukiyar gidan Houqua ya shiga hannun jarin jiragen ƙasa na Amurka. Forbes ya zama shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Michigan Central a 1846.

A nan ma akwai ɓangare mai duhu. Babban kaso na ribar gidan Perkins daga ƙwayar maye ta ofiyom ya fito, wadda suke sayowa daga Izmir ta ƙasar Turkiyya suna shigar da ita Sin ta ɓarauniyar hanya, alhali gwamnatin ƙasar ta haramta ta.

Faɗuwar Morris

Bayan yaƙi, Morris ya juya ga sayen filaye da bashi, bisa tsammanin baƙi za su kwararo daga Turai farashi ya tashi. A 1795 shi da John Nicholson da James Greenleaf suka kafa kamfanin filaye mai eka miliyan 6. Domin samun kuɗi, Morris yakan rubuta takardar bashi Nicholson ya tsaya masa, Nicholson ya rubuta tasa Morris ya tsaya masa. Masu ba da rance suna ganin sunaye biyu, alhali dukiya ɗaya ce a bayansu, kuma ita ma filaye ne da ba su sayu ba. Yaƙe-yaƙen Turai suka tsayar da jari, a watan Fabrairu na 1797 Bankin Ingila ya dakatar da biyan zinariya, bashi ya ƙafe a ko'ina. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na waɗannan mutane ya fi cikinsu girma. Dukkansu uku sun shiga gidan kaso, Nicholson kuma a can ya mutu a 1800.

Morris ya yi shekara 3 da rabi a tsare. Ya fito a watan Agusta na 1801, bayan majalisa ta kafa dokar karayar arziki ta 1800. Abin da ya rage masa shi ne abota. Gouverneur Morris, wanda suna kawai suka haɗa amma tsohon mataimakinsa ne a baitulmali, ya shirya wa matarsa Mary kuɗin shekara-shekara Dala 1,500 daga wani kamfanin filaye na Holan, da su suka kama ƙaramin gida a Filadelfiya, inda Morris ya rasu a 1806.

Abin da ya sauya tsarin

Sannu a hankali hukumomi suka karɓi aikin da dangi ke yi. Bankuna suka yawaita bayan 1791, kamfanin inshora na Arewacin Amurka ya kafu a 1792, jihar New York ta kafa dokar 1811 wadda ta sauƙaƙa rajistar kamfanonin masana'antu tare da taƙaita nauyin masu hannun jari. Da ƙasar ta faɗaɗa zuwa yamma, attajirin New York ya koma ba da bashi ga masu kantunan da bai san asalinsu ba. Rikicin kuɗi na 1837 ya karya da yawa daga cikinsu, har da kamfanin siliki na Arthur Tappan da ɗan'uwansa Lewis. A 1841 Lewis Tappan ya buɗe ofishin tattara bayanan masu neman bashi, inda lauyoyin garuruwa ke aiko da rahoto a kan 'yan kasuwar yankinsu, masu ba da bashi kuma su biya kuɗi su karanta. Wannan ofishi ne asalin kamfanin Dun & Bradstreet. Wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku da ta fara aiki sosai a 1866 ta mai da saƙon wata biyu na yini ɗaya.

Duk da haka, waɗanda suka nazarci rahotannin farko na ofishin Tappan sun tarar tambayoyin ba su sauya ba: ɗan wane ne, 'yar wa ya aura, yana shan giya, wa zai tsaya masa idan ya faɗi. Abin da attajiri ke sani a da ta hanyar zama da mutum, shi aka koma saye da kuɗi.

Gidajen da suka daɗe, irin na Brown da Ives da na Perkins da Forbes, sun yi tarayya a hali guda: sukan gwada ɗan'uwa shekara da shekaru kafin su ba shi ragama, kuma sukan rubuta lissafi tsakanin wa da ƙane kamar yadda suke rubutawa tsakaninsu da bare. Thomas Willing, wanda ya buɗe wa Morris ƙofar arziki a 1757, ba ya cikin mutum ukun da suka kafa kamfanin filaye na 1795. Ya shugabanci Bankin Amurka na farko daga 1791 zuwa 1807, ya rasu a 1821 yana da shekara 89, da dukiyarsa a hannunsa.